DA WANE MUDU AKE AUNA JINYAR MAI TAƁIN HANKALI? Waiwaye daga turu zuwa katin inshora

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri da ni. Wanda ke sauri ya ajiye shi sai dare.

Shekaranjiya, 10 ga Oktoba, aka yi ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya. Hotuna sun cika Facebook, an yi tattaki, an sa riguna iri ɗaya, manya sun yi jawabi, kowa yana cewa a samar wa masu larurar ƙwaƙwalwa "ingantacciyar kulawa". Kalmar nan ta tsaya min a rai. Na kusa shekara ashirin ina aikin gwamnati, na san yadda muke yi da irin waɗannan kalmomi: a sa su a takarda, a buga hatimi, a kai fayil kabad. To amma wannan karon maganar ta shigo min har cikin gida, shi ya sa na zauna na bi tarihinta.

Ɗana na fari ne. Ba zan kama suna ba, kun san al'ada, kuma sai da na nemi izininsa kafin na rubuta. Yana da shekara 17, ana saura 'yan watanni ya zauna jarrabawar fita sakandare, ya daina barci, ya daina cin abincin da ba shi ya zuba da hannunsa ba, yana cewa ana maganarsa a rediyo. Kamar yawancin gidajenmu, mun fara da abin da muka sani: addu'a, ruƙiyya, rubutu, hayaƙi. Kakarsa ta ce iska ce, wani ya ce sammu ne. Sai da muka ci wata biyu a haka kafin wani abokin aikina ya ja ni gefe ya ce, "Malam, ba kana da katin inshora ba? Kai shi asibiti mana, ai addu'a ba ta hana magani."

Alhamdu lillahi, yau yana makaranta, yana shan maganinsa. Amma a watannin da ya yi a kan katina na tara takardu cike da leda: takardar turawa daga asibitinmu na farko, lambar izini daga kamfanin da ke tsakani, rasit ɗin kashi 10 na kuɗin magani, takardar sallama. Wata rana na baje su a tabarma ina neman guda, sai na lura da wani abu. Kowace takarda tana tambayar nawa aka kashe, kwana nawa ya yi, wa ya sa hannu. Babu guda ɗaya da ta tambayi ko yaron ya samu barci, ko ya koma aji, ko an ɗaure shi sanda yake kwance, ko wani ya neme mu ranar da muka tsallake ganin likita. Mu 'yan ofis kuwa mun sani, abin da fom bai tambaya ba, babu wanda zai tuhume ka a kansa.

Daga nan na fara tambayar kaina: wa ke yanke abin da ake kira jinya mai kyau? Da na waiwaya baya sai na ga kusan kowane zamani da mudunsa, kuma mudun yana hannun wanda ke biyan kuɗi.

KAFIN ASIBITI

Kafin zuwan Turawa, nauyin mai taɓin hankali yana kan danginsa. Su ke kai shi wajen malam, ko boka, ko 'yan bori. In ya yi zafi a sa shi a turu ko a mari. In mai sanyi ne a bar shi yana yawo, gari ya san shi, ana ba shi abinci, yara suna tsokanarsa, manya suna tsawatar musu. Akwai tausayi a ciki, akwai kuma azaba, kada mu yaudari kanmu. Abin da dangi suka fi nema shi ne kada ya ji wa wani rauni, kada kuma ya ja wa gida abin faɗe, musamman inda akwai 'yan mata da za a aurar. Wannan shi ne mudun farko, kuma har gobe yana aiki a gidaje da yawa.

ZAMANIN MAKULLI

Turawan mulkin mallaka sun buɗe gidan ajiye masu taɓin hankali a Kalaba a 1904, sannan na Yaba a Legas a 1907, a cikin wani tsohon ginin hukumar jirgin ƙasa. A 1916 suka yi dokar da ta ba likitan gwamnati da majistare ikon tabbatar da cewa mutum mahaukaci ne a kuma tsare shi. A Arewa yawanci gidajen yarin En'e ne suka zama ma'ajiya.

A lura da waɗanda ake kaiwa can. Ba wanda ya fi kowa shan wahala ake nema ba, wanda ya dami hukuma ake kamawa: mai tare hanya, mai ihu a kasuwa, mai zagin Bature. Tsarin Ingila shi ne kowace ƙasar da ta mallaka ta ɗauki nauyin kanta da harajinta, don haka duk sisin da za a kashe wa mahaukaci ana ganin asara ce. Gidajen sun cika sun batse, masu gadi sun fi masu magani yawa, an kuma ɗebi shekaru babu ƙwararren likitan ƙwaƙwalwa ko ɗaya a cikinsu. In rahoton shekara ya nuna ba wanda ya gudu, kuma ba a wuce kasafi ba, to aiki ya yi kyau.

Wannan dokar ce aka yi wa kwaskwarima a 1958, kuma ita muka ci gaba da amfani da ita har 2023. Shekara 65 ke nan. Muka samu 'yanci, aka yi yaƙin basasa, soja suka hau suka sauka, ita tana nan daram. Har cikin shekarun 2000 ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suna tarar da mutane a gidan yarin Inugu waɗanda ba su aikata laifin komai ba, ciwo ne kawai ya kai su.

MUTUMIN DA YA SAUYA MUDU

A 1954 wani matashin likita ɗan Abekuta, Thomas Adeoye Lambo, ya dawo daga Ingila bayan ya yi karatun likita a Birmingham, ya kuma ƙware kan ciwon ƙwaƙwalwa a asibitin Maudsley da ke Landan. Aka ba shi sabon asibitin Aro. Maimakon ya jira a cika ɗakuna da gadaje, sai ya je ya yi magana da masu ƙauyukan da ke kewaye. Aka shirya cewa majinyaci zai zo da wani nasa, uwa ko 'yar uwa ko mata, su kama hayar ɗaki a gidan mutanen ƙauye. Da safe ya je asibiti a duba shi a ba shi magani, da yamma ya dawo cikin mutane, ya ci abincin gida, ya je gona ko kasuwa in ya iya. Lambo ya kuma jawo masu maganin gargajiya ya yi aiki da su, domin ya san ko ya kore su, majinyatansa za su bi su ta bayan gida.

Ya yi sa'ar lokaci, don a farkon shekarun 1950 ne aka samo maganin nan da tsofaffin ma'aikatan asibiti suka sani da Largactil, wanda ya sa ake iya kwantar da mai zafin ciwo ba tare da sarƙa ba. Amma babban abin da ya kawo shi ne sabuwar tambaya. Turawa suna tambaya, "Ya gudu?" Lambo yana tambaya, "Ya koma gida? Ya koma sana'arsa? Mutanensa sun karɓe shi?" Duniya ta zo Aro kallo, shi kuma daga baya ya shugabanci Jami'ar Ibadan, ya kuma zama mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya.

Abin takaici, mun yi alfahari da Aro amma ba mu yaɗa shi ba. Muka koma gina manyan asibitoci a manyan birane. Shekaru da dama asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya takwas ne kacal a faɗin ƙasar nan, uku a Arewa: Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, da na Maiduguri. Mutanen Kano kuma kowa ya san Dawanau. A 1991, zamanin minista Olikoye Ransome-Kuti, aka fitar da manufar da ta ce a sa lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan ƙananan asibitocin matakin farko. Manufa mai kyau, amma kuɗi bai bi ta ba. Kowa ya leƙa ƙaramin asibitin unguwarsu ya gani.

Inda gwamnati ta bar giɓi, gidajen mari suka cike. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa. Wata guda bayan nan aka sake ganin irin haka a Daura da Katsina. Gaskiya ba dukansu ne masu taɓin hankali ba, akwai 'yan shaye-shaye, akwai waɗanda aka ce ba sa jin magana. A Nuwamban shekarar kuma ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoton da ya nuna ana ɗaure mutane da sarƙa a wuraren addinin Musulunci da na Kirista, da na masu maganin gargajiya, har da wasu wuraren gwamnati. Abin da ya kamata mu tuna shi ne iyaye ne ke kai 'ya'yansu da hannunsu, suna biyan kuɗi duk wata. Mudunsu shi ne "ya yi laushi". Ban zarge su ba wallahi. A wata biyun nan da muka yi muna lalube, sau biyu ana ba ni shawarar irin wannan gida, kuma na saurara.

SAI GA KATI

Maganar inshorar lafiya tsohuwa ce. Tun 1962 ministan lafiya Dakta Moses Majekodunmi ya kai ƙudiri majalisa, bai samu shiga ba. Sai a 1999 gwamnatin Janar Abdulsalami Abubakar ta kafa NHIS da doka mai lamba 35, aka kuma fara aiki a watan Yunin 2005 zamanin Obasanjo, aka fara da ma'aikatan tarayya.

Ga yadda aka tsara shi, don wanda bai sani ba. Kati yana ɗaukar ma'aikaci, da matarsa ko mijinta, da 'ya'yan cikinsa huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Kai ke zaɓar asibitinka na farko. Ana biyan asibitin nan wani ƙayyadadden kuɗi kan kowane mutum duk wata, ka zo ko ba ka zo ba. Fiye da shekara goma naira 750 ne. In ciwo ya fi ƙarfinsu sai su tura ka gaba, a nemi lambar izini daga kamfanin da ke tsakani, wato HMO, sannan a biya babban asibiti gwargwadon aikin da ya yi. Kana biyan kashi 10 na kuɗin magani. Ƙa'idojin 2012 kuma sun ƙayyade kwanciya a gado kwana 21 a shekara.

Wannan tsari ya taimaki mutane da yawa, ni ma ya rufa min asiri, ba zan yi butulci ba. Amma an yanka shi ne daidai jikin zazzaɓi da haihuwa da tiyatar kaba, ciwon da ke zuwa ya wuce. Ku gwada shi a jikin ciwon ƙwaƙwalwa ku gani.

Asibitin da ake biya kuɗi ɗaya ka zo ko ba ka zo ba, ribarsa tana cikin kada ka daɗe a gaban likita. Mai ciwon damuwa kuwa sai an zauna da shi, an yi ta tambaya, kafin ya faɗi abin da ke ransa. In ba lokaci, sai a rubuta masa maganin maleriya da na barci. A babban asibiti abin da ke da layi a takardar neman biya shi ne gado da ƙwaya da gwajin jini. Awa gudan da wata nas, Allah Ya saka mata da alheri, ta yi tana koya wa mahaifiyar yaron alamomin dawowar ciwo, ban ga layinta a takardun da na tara ba, alhali ita ce ta fi yi mana amfani. Kwana 21 sun ishi mai ciwon huhu, amma mai irin wannan larurar zai iya cinye su a kwanciya ɗaya, kuma ciwon yakan dawo. Sannan ga ta ƙarshe: likitoci sun daɗe da sanin cewa manyan cututtukan ƙwaƙwalwa sun fi fara bayyana daga ƙarshen shekarun samartaka zuwa ashirin da wani abu. Wato daidai lokacin da yaro ya fi buƙatar katin, lokacin ne yake faɗowa daga kansa. Ranar da nawa ya cika 18, ciwon bai san an yi haka ba.

Kuma in za a ba asibiti izinin karɓar masu kati, abin da aka fi dubawa shi ne gini, kayan aiki, da takardun ma'aikata. Suna da muhimmanci. Amma wani malamin Jami'ar Michigan, Avedis Donabedian, tun 1966 ya raba ingancin jinya gida uku: abin da asibiti ya mallaka, abin da ake yi wa majinyaci a ciki, da yadda majinyacin ya ƙare. Mu mun tsaya a na farko, muna ɗan leƙa na biyu, na ukun kuwa mun bar wa Allah da dangi.

ABIN DA YA FARU A AMURKA

Na kawo Amurka ne don a can an ga ƙarara yadda dokar biyan kuɗi ke juya jinya. A 1955 akwai mutum sama da 550,000 kwance a asibitocin ƙwaƙwalwa na jihohi. A 1965 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu kan inshorar gwamnati iri biyu, Medicare ta tsofaffi da Medicaid ta masu ƙaramin ƙarfi. Aka sa sharaɗin cewa kuɗin tarayya na Medicaid ba zai biya wa manya 'yan ƙasa da shekara 65 jinya a manyan asibitocin ƙwaƙwalwa ba, ita kuma Medicare kwana 190 kawai za ta biya a irin wannan asibiti a duk tsawon rayuwar mutum. Jihohi suka yi lissafi, suka ga sallama ta fi musu araha. Haɗe da sababbin magunguna da hukunce-hukuncen kotu, asibitocin suka yi ta raguwa. Wasu majinyatan sun samu 'yanci da rayuwa mai kyau, wasu da yawa kuma suka ƙare a gidajen tsofaffi, ko a bakin titi, ko a gidan yari, domin ba a gina abin da zai tarbe su a waje yadda ya kamata ba.

Sai a dokar lafiya ta 2010, zamanin Obama, aka ce duk asibitin ƙwaƙwalwar da ke karɓar kuɗin Medicare dole ya riƙa kawo alƙaluman inganci, in ya ƙi a zaftare masa ƙarin kuɗin shekara. Cikin abin da ake ƙirgawa akwai awa nawa aka ɗaure majinyata, awa nawa aka kulle su su kaɗai, mutum nawa suka ga likita cikin kwana 7 da kwana 30 bayan sallama, da mutum nawa suka dawo gado cikin kwana 30. Ana kuma wallafa sakamakon kowa ya gani. Tsarin yana da nasa rauni: rashin kawo rahoto ake hukuntawa, ba munin abin da ke cikin rahoton ba, kuma ko'ina a duniya ma'aikaci ya iya cika fom ya yi kyau. Duk da haka, ranar da aka fara tambayar asibiti awa nawa ya ɗaure mutane, ranar ce shugaban asibitin ya fara son sanin amsar.

INDA MUKE YAU

Yanzu muna da dokoki biyu da Shugaba Buhari ya sa wa hannu, wata takwas tsakaninsu. Ta Mayun 2022 ta maye gurbin NHIS da NHIA, ta wajabta inshorar lafiya kan kowa, ta kuma tanadi asusun masu rauni, wanda masu larurar ƙwaƙwalwa ke cikin waɗanda ta lissafa. Ta Janairun 2023 kuma ita ce ta binne dokar 1958, ta ba majinyaci haƙƙoƙi, ta sa iyaka kan ɗaure shi da killace shi, ta tanadi sashe na musamman a ma'aikatar lafiya da asusun lafiyar ƙwaƙwalwa. Jihohi ma suna da nasu hukumomin, irin su KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna.

Doka ɗaya tana riƙe da haƙƙi, ɗayar tana riƙe da lalita. In ba a haɗa su ba, tarihin da na zayyano ya nuna wadda za a bi. Ni a ganina, duk asibitin da zai karɓi kuɗin inshorar gwamnati kan jinyar ƙwaƙwalwa, a sa masa waɗannan tambayoyin a jikin takardar neman biya:

1. An ɗaure majinyacin ko an kulle shi? Awa nawa, wa ya ba da izini, me ya sa?
2. An bayyana masa, shi da danginsa, sunan ciwon da illolin maganin da harshen da suke ji?
3. Maganin da aka rubuta yana nan a asibitin, ko an tura su kemis?
4. An gan shi ko an kira shi cikin mako guda bayan sallama? In bai zo ba, wa ya neme shi?
5. Bayan wata shida, yana gida, yana aiki ko karatu, ko ya dawo gado?

A kuma gyara biyu: wanda ciwon ya kama kafin ya cika 18 ya ci gaba da zama a kan kati ko a maida shi asusun masu rauni kai tsaye, sannan a sake duba iyakar kwanakin gado ga irin wannan larura.

Na san wani zai ce, ƙasar da likitocin ƙwaƙwalwarta ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, kuma kullum suna ficewa, ina ita ina maganar inganci? Ni kuma na ce ƙarancin ne ma ya sa dole a auna. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin koya wa nas-nas da ma'aikatan ƙananan asibitoci gane waɗannan cututtuka da bibiyarsu. In inshora ta fara biyan kuɗin bibiya, za a samu masu yi. Kiran waya guda bai kai kuɗin kwana ɗaya a gado ba. Tambayoyi biyar ɗin nan kuwa akawu mai mataki na 6 zai iya tattara amsarsu.

'Yan uwana ma'aikata, mu ne muka fara riƙe katin nan, mu muka san inda yake yoyo. In an kira taron wayar da kai a ofis, kada mu tsaya kan sauya asibiti da ƙara sunan jariri kawai. Mu tambayi me kati ya tanada wa mai ciwon ƙwaƙwalwa, kuma da me ake gane ya samu sauƙi. Shugabannin ƙungiyoyin ƙwadago su sa shi cikin buƙatu. 'Yan jarida da ke bibiyata, ga aiki nan.

Wanda kuma yake da irin wannan majinyaci a gida yana ɓoyewa, don Allah a kai shi asibiti da wuri, a haɗa da addu'a. Wata biyun da na ɓata har yau suna damuna.

Da na karanta wa yaron rubutun nan kafin na saka, abu ɗaya ya ce in ƙara: a riƙa tambayar majinyacin shi kansa yadda aka yi da shi, don yana ji yana gani ko a ranar da ake zaton ba ya cikin hayyacinsa. Ga shi na ƙara, ta zama tambaya ta shida.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu na gida da na asibiti lafiya, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri. Amin.